Jimlar da Edita Ya Hana a Yanka

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da Gwaggo da Baffa Dogo da duk mutanen layi. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Tunda ka ce wayarka ta lalace, kuma ka hana a saya maka wata, ga ni na dawo takarda da ambulan kamar 'yar makarantar kwana. Ka yi nasara.

Albishirinka. Kamfanin ɗab'in da nake wa aiki ya amince a buga littafin. Za a tattara rubuce-rubucenka na mujalla tun daga na farko har wanda kuka rufe da shi, kuma ni aka ba gyaran. Manaja ya ce wai 'yar Edita ce kaɗai za ta iya da Edita. Ban gaya masa cewa ko mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta iya da kai ba.

Na kwana biyu ina cikin tsofaffin mujallun nan, har yatsuna sun yi baƙi. Baba, ashe a zamaninku komai numfashi yake yi? Kasuwa ta numfasa. Tasha tana haki. Asibitin gari numfashinsa sama-sama. Kalanzir ya sauko, talaka ya sauke ajiyar zuciya. Gadar bayan tasha ma da aka gama gyaranta, cewa ka yi ta yi atishawa ta miƙe. Ba kai kaɗai ba, duk abokan aikinka haka suke rubutu. Wata abokiyar aikina ta leƙa ta ce wannan mujalla ce ko ɗakin likitan huhu? Na yi dariya, amma na bar su yadda suke, don shi ne ɗanɗanon lokacinku.

Wuri ɗaya na taɓa. Jimlar da ka buɗe labarin ranar da aka sake buɗe masaƙa da ita. Baba, jimlar nan ta yi tsawo. Na karanta ta, kafin in kai ƙarshe na manta da wa aka fara. Masu karatun yanzu ba su da wannan haƙurin. Na raba ta huɗu, ban cire kalma ko ɗaya ba, aya kawai na sa. Ga kwafi nan na haɗo maka ka duba.

A gaida Gwaggo, a ce mata maganin ƙafarta yana hanya. Na bar ka lafiya.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na kuma gode da gaisuwa. Muna lafiya. Allah ya yi miki albarka, ya kuma shirya hannunki.

Na ga abin da kika aiko. Da farko na zaci kuskuren inji ne, sai da na sa tabarau na ga ashe da gangan aka yi. Kin ce ba ki cire kalma ba. Mahauci ma in ya sassara rago ba ya zubar da komai, amma ki je ki ce wa ragon ya tashi.

Tunda kin zama edita, bari in gaya miki yadda ake aikin. A ofishinmu na saman bene akwai taga ɗaya mai kallon titi. Duk wanda ya yi rubutu, kafin a sauka da shi ƙasa wurin Dogo ya jera baƙaƙe, sai ya tsaya a bakin tagar nan ya karanta da ƙarfi. Ni ina zaune da jan biro. Duk inda na ji ya ja numfashi, nan nake sa aya, ko ya so ko bai so ba, kuma babu ɗaukaka ƙara. Dalili kuwa, mujallarmu ba a ɗaki ake karanta ta shiru ba. Mutum ɗaya ke saye, ya zauna a shagon tela ko a bencin wanzami ya karanta wa jama'a. In jimla ta fi ƙarfin ƙirjinsa ya sarƙe a tsakiya, mun kunyata shi a gaban mutanensa, alhali shi ya ba mu kuɗinsa. Na yanka jimlolin manyan malamai a tagar nan suna huci, ban taɓa jin kunyar kowa ba.

Abokiyar aikinki mai zancen likitan huhu, ki gaishe ta. Ki ce mata wanda ake karanta wa mujalla bai san ma'aunin tattalin arziki ba, amma ya san yadda ƙirji ke yi in ya hau bene da buhu a ka. In na ce masa tasha tana haki, ya gane, ba sai an yi masa bayani ba. Numfashi ne abu ɗaya da mai kuɗi bai fi shi ba, shi ya sa muke masa magana da shi.

Dokar da na ɗora wa mutane ban tsallake kaina ba. Jimlar masaƙa a bakin tagar nan na karanta ta, ma'aikata duka suna tsaye, har Dogo ya hayo da tawada a hannu don ya ga faɗuwata. Numfashi ɗaya. Ga ta nan yadda Allah ya halicce ta, don na ga kamar kin manta kamanninta:

"Da jiniyar masaƙa ta yi kuka da safiyar nan, garin da ya riƙe numfashinsa tun ranar da aka sa wa ƙofar kwaɗo ya sake shi gaba ɗaya, ya fito ta hancin butocin masu shayi, ta bututun motocin haya, ta bakin matan da suka gaji da ce wa yara su yi haƙuri, ya bi titi ya haye gada ya shiga layin bayan tasha, har tsohon da ke gadin ƙofar, wanda ya manta yadda ake dariya, ya ji ƙirjinsa ya buɗe."

Akwai masaƙan da suka yanke shafin nan suka liƙa a bangon ɗakinsu. Ba wanda ya zo ya ce mini ya ɓata a hanya.

Ba na son a ce na fi ki da girma kawai. Ki zo ƙarshen wata. Zan tsaya in karanta miki ita, ke ki riƙe biron. In kika ji na ja numfashi, ki sa ayarki a nan, ban ce uffan ba. In kuwa na kai ƙarshe, ki kwashe ayoyinki ki kai su inda ake bukatarsu.

Gwaggonki tana gaishe ki. Wassalam.

Mahaifinki

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa irin ta 'ya da uba.

Na ji, na kuma yarda. Gani ya kori ji. Na riga na sayi jan biro sabo fil, kuma na gaya wa Manaja ya dakata da shafin sai na dawo. Duk ofis an ji labari, har an rabu gida biyu, masu aya da masu Edita. Abin haushin, ɓangarenka ya fi yawa.

Amma Baba, ka san ni 'yar wa ce. In na ji ko ɗan shaƙar iska ta hanci, wallahi sai na sa. Kada ranar ka ce ai atishawa ce ta zo maka.

Sai na iso. A gaida kowa.

'Yarka,
Auta

*

'Yata Auta,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Ya aiki, ya maigidan, ya yaran? Ni ne Baffanki Dogo. Ki yi haƙuri da rubutuna. Ni baƙaƙen mutane na yi rayuwata ina jerawa, nawa ban taɓa jerawa ba, kuma a juye na saba ganinsu.

Babanki bai san na rubuto ba. In ya sani na shiga uku. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Wayarsa lafiyarta ƙalau. Tana cikin aljihun tebur, ni nake sa masa caji. Abin da ya sa ya daina ɗauka, ba ya son ki ji yadda yake magana. Babanki numfashi ya yi masa wuya. Tun bara abin ya fara, bana ya yi ƙarfi. Daga ɗakinsa zuwa bakin ƙofa sai ya dafa bango ya tsaya, ya yi kamar yana duba fentin. Magana ma guntu-guntu yake yinta, shi da in ya buɗe baki sai shayi ya huce. Na kai shi wurin likita sau ɗaya da dabara. Likita ya ce huhu ne, ƙurar takarda da hayaƙin dalma na ɗakin inji sun yi aikinsu, ya kamata a kwantar da shi a duba sosai, a haɗa shi da iskar asibiti. Babanki ya gyara masa wata kalma a takardar maganin, ya sa hularsa ya fito. Bai koma ba. Gwaggonki kuwa ya sa ta rantse ba za ta gaya miki ba. Ni bai sa ni ba, don ya ɗauka ban iya wasiƙa ba.

To ga abin da ya sa na kasa shiru. Tun da ya aika miki takardar nan, kullum da hantsi sai ya rufe ƙofar ɗaki ya tsaya bakin taga yana gwada jimlar masaƙa. Katangarmu ɗaya, ina jin komai. Da farko yana kaiwa wurin butocin masu shayi. Yanzu ko kwaɗon ƙofar ba ya kaiwa sai tari ya turnuƙe shi. Ya zauna, ya huta, ya sake tashi. Shekaranjiya na ji ƙarar kujera, na shiga na same shi a ƙasa, mujallar a hannunsa. Da na ɗaga shi, abin da ya fara ce mini shi ne wa ya ba ni izinin shigowa.

Ni na ga ranar da ya karanta ta a ofis. Gaskiya ya faɗa, numfashi ɗaya ne, har ya rage masa na yi mini tsiya. Mutumin nan ƙirji gare shi kamar zugazugin maƙeri. Ba zan iya tsayawa in ga ya faɗi a gaban 'yarsa ba. Baki shi ke yanka wuya, shi ya ɗaura wa kansa, kuma kin san ba zai kwance ba. Ke ce za ki san dabara. Kawai ki ce kin fasa, a bar masa jimlarsa.

Ki ƙona takardar nan. Allah ya yi miki albarka.

Baffanki,
Dogo

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina fatan ka tashi lafiya. Ya jiki, ya ƙarfi?

Baba, na sake zama na duba jimlar nan, na ga kai ne da gaskiya. Ban san abin da ya hau kaina ba. Na goge ayoyin duka, za a buga ta yadda ka rubuta. Saboda haka ba sai ka wahalar da kanka da karatu ba, maganar ta wuce.

Zan zo dai ƙarshen watan kamar yadda muka yi, don in gan ka kawai. Ka riƙa hutawa, don Allah. Kada ka riƙa daɗewa a tsaye.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam.

Shekarun da na yi ina karanta rubutun mutane sun fi shekarunki a duniya. Kin taɓa ganin inda 'yata ta ce "kai ne da gaskiya" ba a kai ruwa rana ba? Ke da tun kina 'yar firamare kike musu da ni a kan waƙafi? Kuma yaushe kika fara tambayata ya jiki? Na ajiye takardar, na leƙa ta katanga, na kira Dogo. Ban ma tambaye shi ba, ya fara rantsuwa. Yanzu na hana shi shigo mini gida, ya tattara ya tafi wurin 'yarsa wai zai kwana biyu. Ya kyauta wa kansa.

Ki saurare ni da kyau. Na yi aiki da mutanen da suka roƙe ni in bar musu jimla don tsufansu, ko don muƙaminsu, ko don ranar ba su jin daɗi. Ban bar wa ko ɗaya ba. Wani malami har ya yi hawaye a bakin tagar nan, na sa ayata na ba shi hankici. Yau kuma ni za a bar wa tawa don tausayi? A buga ta a littafi, duk wanda ya buɗe shafin ya ga sadakar da aka ba tsoho? Ban taɓa cin abin sadaka a aikin nan ba, ba kuma zan fara a hannun 'yar cikina ba.

Tunda an tona, ga gaskiya. Na gwada, ban kai ba. Na sake gwadawa, ban kai ba. Doka kuwa ba ta san tsufa ba. Jimlar da ba a iya karantawa da numfashi ɗaya ba ta shiga inji, ni na kafa wannan, kuma ina raye ba za a karya shi a kaina ba. Ki mayar da ayoyinki inda kika sa su. In kin ga dama ki ƙara. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba, don a duk abin da na rubuta ita na fi so. Amma gara in gan ta a yanke da in gan ta a tsaye da sandar wani.

Batun asibiti kuma kada ki fara. Lafiyata lau, gajiya ce.

Wassalam.

Mahaifinki

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, kuma ina neman afuwa tun kafin in fara, don yau ba zan yi maka lallashi ba.

Ka kama ni, na yi ƙarya, kuma na yi ta ne don ina tsoro. Na tuba. Amma Baffa Dogo bai yi laifin komai ba sai na ƙaunarka, kuma kai ma ka sani.

Yanzu maganar aiki. Ka ce doka ba ta san tsufa ba. To ni ma na karanta dokar a takardarka ta farko, da hannunka ka rubuta. Ka ce an kafa ta ne saboda mutumin da ke karanta wa jama'a a shagon tela, kada ya sarƙe. Ashe ba ƙirjin marubuci ake aunawa ba, ƙirjin mai karatu ne. Kai ka riga ka yi naka a bakin taga, da shaidu. Abin da ya rage a sani shi ne ko mai karatun yau zai iya. Mai karatun yau kuwa ni ce, ni da na ce ta yi tsawo.

Saboda haka ba na goge aya don tausayi, ba na kuma mayar da ita don ka ba da umarni. Littafin nan ni ce editansa. Zan zo ranar da muka sa. Ni zan tsaya bakin taga, kai ka riƙe biron. In ka ji na ja numfashi, ka sa aya da hannunka, a buga haka. Na san ba za ka raga mini ba, ban kuma roƙa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka na fara shiri. Jiya da na gwada jimlar, na kai motocin haya.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Baffa Dogo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da babbar murya, ina gaida Yaya da yaranta. Na so in same ka a gida, aka ce har yanzu kana gudun hijira. Ga labarin yadda aka yi, don ka fi kowa cancantar ji.

Kafin in je, ba irin wahalar da ban sha ba. Ina karantawa a kicin, ina karantawa a matakalar ofis, har yarana suka haddace farkonta suna tsokanata da shi. Da fari gudu nake yi don in riga numfashina isa, sai in ƙare tun a wurin matan nan. Daga baya na gane ba gudu take so ba. A hankali ake shiga, a yi tsimin iska a farko, a bar waƙafi ya ɗauke mutum. Kuma Baffa, a nan na ga abin da idona bai nuna mini ba. In ka haye gadar nan, ƙirjinka ya fara matsewa, ka shiga layin bayan tasha kana neman agaji, ka iso wurin tsohon mai gadi ba sauran komai a cikinka. Sai a ce ƙirjinsa ya buɗe, kai ma a daidai nan naka yake buɗewa. Ashe so ya yi mai karatu ya ɗanɗani abin da garin ya ɗanɗana. Ni kuma na zo da ayoyina ina raba wa mutane hutu. Bai taɓa gaya mini ba, ka san shi, ya fi son ka mutu da jahilcinka da ya yi maka bayanin rubutunsa.

Na isa da azahar. Gwaggo ta tare ni a ƙofa tana share ido. Na same shi a kujera, ya sha wanka, ya sa kayansa masu kyau har da hula, biro a hannu, mujallar a cinya. Baffa, ya rame. Kafaɗunsa ke hawa da sauka in zai yi numfashi. Na durƙusa na gaishe shi, ina so in riƙe hannunsa, sai ya nuna mini taga da biron.

Ya ce, "Gaisuwa... daga baya. Aiki."

Na ce, "Baba, ko ruwa ba za a bari in sha ba?"

Ya ce, "A ofishina... ba a sha."

Na tsaya. Gwaggo ta tsaya bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta ce, "Ni dai ban ga abin da zai sa mutane su kashe kansu a kan magana ɗaya ba." Baba ya ɗaga mata yatsa.

Na cika ƙirji na fara. Ban yi niyyar kallonsa ba, amma idona ya faɗa kansa. Leɓɓansa suna motsi tare da nawa. Shi ma ya riƙe numfashinsa, yana bina. A wajen masu shayi ya kasa, tari ya taso masa, ya toshe baki da hannun riga don kada ya ɓata mini, fuskarsa ta yi jawur, amma ɗaya hannun yana nan da biro a saman takarda, kunnensa a kaina. Na so in tsaya in riƙe shi. Na san in na tsaya ba zai yafe mini ba har abada, sai na wuce. Na haye gada. A layin bayan tasha na fara ganin duhu-duhu. Kalmar ƙarshe ban san da me na faɗe ta ba, na dai ji ta fita, na dafa tagar ina haki.

Gwaggo ta ce, "To, an ci ko an faɗi?"

Baba ya daɗe yana kallon shafin. Sannan ya rufe mujallar, ya sa biron a aljihu, ya ce, "A ba ta ruwa." Shi ke nan. Ya tambaye ni hanya, ya tambayi yara, ya ce takalmina bai dace da edita ba. Na kwana, na wayi gari, na yi masa sallama, bai ce mini komai a kan jimlar ba, bai kuma bari na ga shafin ba. Da na taɓo zancen likita sai ya juya fuska bango.

Wallahi Baffa ban sani ba ko na ja iska ban ji ba. Kunnensa ya fi nawa. A mota na yi kuka, rabi haushi rabi tausayi, har matar da ke kusa da ni ta ba ni haƙuri ta ɗauka rasuwa aka yi mini. Amma ko me ya yanke, ina alfahari da mutumin nan, kuma ina alfahari da na tsaya a tagarsa.

Manaja yana jiran shafin. Don Allah ka koma gida. Ba zai ce ka dawo ba, amma Gwaggo ta ce kullum sai ya tambaya wai ko an ga wani dogon munafuki a layi.

Na gode, Baffa. Allah ya bar zumunci.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin isa lafiya.

Na saurara da kunnen da na saurari kowa, ban rage miki komai ba. Kin ɗan yi sauri a wurin gada. Amma biro bai taɓa takarda ba.

A buga ta yadda take. Jimlar lafiyarta ƙalau, ni ne ba ni da lafiya. In kin miƙa shafin, ki zo ki kai ni wurin likitan.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki